Shekarar da Kiran Inna Ya Zama Wasa

Na sha jin ku, musamman ke Hadiza da bakinki ba ya hutawa, kuna gaya wa baƙi cewa uwarku ce ta gina sabuwar kwatar jiragen ruwa. Na kuma sha jin 'ya'yan Yaya Manu suna cewa gwaggonsu ce ta sayar wa 'yan yawon buɗe ido kiran kakarsu. Daga ku har su babu wanda ya faɗi daidai. Ban gina komai ba, ko bulo ɗaya ban ɗauka ba, ban kuma sayar da komai ba. Hannu na ɗaga a zauren majalisa kamar yadda wasu suka ɗaga. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya yi masa daɗi, gara in rubuta shi da kaina tun idona yana ganin layi.

Tsohuwar kwata ba wurin da za a kai baƙo ba ce, wannan kam ba na musu. Gangare ne na laka mai santsi daga bayan kasuwa har bakin ruwa, jirage a jere hancinsu cikin taɓo, rumfunan banda hagu da dama, hayaƙi ya mai da komai baƙi har fuskokin matan da ke juya kifi. Da damina gaɓar takan zabtare ta tafi da rumfa, wata shekara har da mutum. Amma a nan na girma, kuma har yau in na ji ƙamshin bandar tarwaɗa sai in tuna da ita. Ina kewar hayaniyar wurin. Ina kewar tsiyar da mata ke yi wa masu jirgi in sun kawo kifin da ya kwana, da yadda ba ka wucewa sai an tambaye ka lafiyar gidanku kaf. A saman gangaren akwai wata tsamiya, a ƙarƙashinta Inna take shimfiɗa tabarmarta tana gyaran kifi, fuskarta kullum tana duban ruwa.

Inna 'yar gungu ce. A tsibiri aka haife ta, tsakiyar kogi, kafin a datse ruwa ya hau ya shanye garinsu da gonakin albasarsu da kaburburan iyayensu. Aka kwaso su aka zube a gaɓa. Ba su fito da wani abin kirki ba sai tukwane da jirage da kuma kira. Kira aikin mata ne. Mace takan tsaya a tudu ta kare bakinta da tafin hannu ta saki murya doguwa siririya, wadda ruwa ke ɗauka ya kai inda ihu ba ya isa. Akwai na iska, in mata sun hango hadari ya taso ta bayan gari tun mazan da ke su cikin burgu, doguwar ciyawar ruwan nan, ba su gan shi ba. Akwai na haihuwa. Akwai na mutuwa, shi ya fi duka tsawo, shi kuma ya fi daɗin ji, Allah Ya gafarta mini. Kowane gida yana da yadda yake lanƙwasa ƙarshen kiransa, don haka mai jirgi yana ji ya san ko na gidansu ne. Dokar abin guda ce: ba a yin sa sai da gaske. Ko koyo ba a yi a fili. Inna takan shigar da ni ɗaka ta sa in cusa kaina cikin busasshiyar randa in yi ta yi tana gyara mini, don kada sautin ya kai ruwa wani ya baro tarunsa a banza. Na ƙware ƙwarai a cikin randa. Na yi boko, na yi aure, na haife ku, na koyar da 'ya'yan mutane har na yi ritaya, ban taɓa yin sa a waje ba, domin Inna tana nan kuma muryarta ba ta tsufa ba.

Bayan ritaya aka naɗa ni kansila mai kula da harkokin mata da al'adu. Na san mace ɗaya suke nema da za ta cika hoto, to sai suka yi rashin sa'a suka ɗauko mai baki. Ciyaman ɗinmu na lokacin mutumin kirki ne mai kishin gari, sai dai in ya ƙyalla ido a kan abu ba a iya juya shi. Shi ya shigo mana da wani babban zane ya shimfiɗa a tebur. Za a kwashe rumfunan banda a mai da su bayan tasha a gina musu na bulo mai bututun hayaƙi. Za a daɓe gangaren da siminti, a yi matakala har cikin ruwa, a kafa fitilun sola, a yi dandalin wasanni a daidai inda tsamiya take. Kuɗin daga Birni, hedikwatar jiha, za su zo, an ware su ne don yawon buɗe ido da raya al'adu.

Mun daɗe muna zama a kan maganar nan, har masu kawo mana shayi suka haddace bakin kowa. Alhaji Nomau, kansilan mazaɓar kasuwa, wanda yawanci barci yake yi har a zo ga batun shaguna, shi ya fara tada ƙura.

"Wane baƙo zai baro gidanai ya taho kallon ruwa? Ruwa dai ruwa na. Ku gina muna shaguna kawai."

Malam Bitrus kuma, kansilan ƙauyukan tudu, hanya yake so. Duk zama sai ya tuna mana cewa dawarsu tana ruɓewa a rumbu saboda mota ba ta hawa. Ciyaman ya gaji da bayyana masa cewa kuɗin al'ada ba a yin kwalbati da su. Da aka gama wannan sai aka faɗa gardamar abin da za a nuna wa baƙin in sun zo. Aka ambaci kokawa, aka ambaci tseren jirage, aka ambaci rawar mutanen tudu. Sai Ciyaman ya juyo gare ni da fara'arsa.

"Malama Kulu, wasan nan na matan gungu hwa? Wanda suka yi da murya a bakin ruwa. Ina yaro in na ji shi sai tsikar jikina ta tashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba wasa ba ne."

"To, al'ada."

"Aiki ne. Kamar jiniyar motar asibiti."

Aka yi dariya, har shi. Ya ce ai duk wasan gargajiya da aiki ya fara, ya roƙe ni in yi wa Inna magana, majalisa za ta je ganin wuri, yana so ta ɗan yi musu. Ba da raini ya faɗa ba. Da raini ne da na san yadda zan yi da shi.

Na iske Inna a tsakar gidan Yaya Manu bayan la'asar, shi yana ɗinkin taru, ita tana jan carbi. Yaya Manu shi ne babba a ɗakinmu, bai yi boko ba, ruwa ya gada. Na yi zaton shi zai fara tayar da jijiyar wuya, sai na ga shi ne ma ya fi kowa son matakalar, don gwiwarsa ta gaji da laka.

Ya ce, "Inna, zamani ya wuce nan. Kowa na da waya yanzu. In sunka ce ki yi musu, ki yi musu, mi za ya rage ki da shi?"

Inna ta ce, "Wayarka tana kamawa bayan burgu?"

"Wani lokaci."

"To kira ba ya da wani lokaci." Ta juyo gare ni. "Ke ɗiyata, wa ya mutu?"

"Babu kowa, Inna."

"Wa ta haihu?"

"Babu."

"Iska ya taso?"

"A'a."

"To mi zan kira? Ki hwaɗa ma ciyaman ɗinku ina gaishe shi. Ban iya ƙarya da muryar da uwata ta ba ni."

Haka na kai saƙon, ban rage ko kalma ba. Wannan ina so 'ya'yan Yaya Manu su sani: ban matsa wa Inna ba, ban ma sake ɗaga mata maganar ba.

Ranar da majalisa ta je ganin wuri, safiya ce tangaram, ko gajimare babu. Muka tsaya ƙarƙashin tsamiya, injiniya yana nuna inda matakala za ta sauka, kansiloli suna ɗage riguna saboda taɓo. Inna tana zaune a tabarmarta, suka gaishe ta ta amsa, ta ci gaba da aikinta. Matan banda sun taru suna kallo, kuma labari ya riga ya kai gare su cewa za a kafa ƙungiyar mata masu wasa wadda hukuma za ta riƙa tallafa wa. A cikinsu akwai Asabe, 'yar ƙanwar Inna, mijinta ya rasu ya bar mata yara, hayaƙin banda ya cinye mata ido har ba ta gane mutum sai ya yi magana. Randa ɗaya muka koya ni da ita. Ciyaman yana cewa ashe dai ba rabon su ji, sai Asabe ta ajiye abin juya kifi ta fito. Ba ta dubi Inna ba. Ta zaɓi na iska, ina jin don ta ga shi ya fi sauƙin laifi, ta kare baki ta saki.

Kowa a kwata ya juya ya dubi ruwa. Can sai ga jirage suna fitowa daga cikin burgu, daga bayan duwatsu, daga inda ba ka zaton akwai mutum, masu inji da masu filafili, kowa yana neman gaɓa da iya ƙarfinsa. Sun bar taru a ruwa. Suka iso suna haki suna duban sama, sama kuwa fes. Wasu suka yi ta zage-zage, wasu da suka ga manyan riguna sai suka mai da abin dariya. Yaya Manu yana cikinsu, ya dubi Inna, ta girgiza masa kai alamar ba ita ba ce. Ni kuwa Ciyaman nake kallo. Idonsa har ƙyalli yake, wani ma'aikaci a bayansa ya ɗauki abin duka a waya.

"Kun gani? Mace guda ta yi murya, tafki duka ya amsa! Wanga shi baƙi za su taho gani. A yi kira, jirage su yi tsere zuwa matakala."

Inna ta naɗe tabarmarta ta tafi gida, rana ko tsaka ba ta yi ba.

A zama na ƙarshe na miƙe na nemi a cire kira daga shirin, a bar sauran. Na yi magana mai tsawo, na malaman makaranta. Na ce musu abin da ya sa jiragen nan suka fito shi ne ba a taɓa yi musu ƙarya ba, in aka mai da shi wasan kowace Asabar, kamar yadda shirin ya tanada, ba za su sake fitowa ba. Malam Bitrus kaɗai ya mara mini baya, ya ce su ma suna da gangar da ba a bugawa sai an yi rashi, kuma ba zai yarda a hau dandali da ita ba. Ciyaman ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce hoton nan na waya ya riga ya isa Birni, kuma shi ne abin da ya fi burge su a cikin shirin duka. In aka cire shi, akwai wasu garuruwan bakin ruwa da ke jira da hannu biyu. Shirin dunƙule yake, ko a ɗauka duka ko a bari duka.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Zauren ya rabu kusan biyu, don Alhaji Nomau ya ja nasa mutanen. Na zauna ina tunanin idon Asabe, da na sauran matan da na san su da idanu garau muna yara. Na tuna gaɓar da ke zabtarewa, da wata yarinya ɗalibata da laka ta ja ta ruwa ya tafi da ita tana wankin allo. Na tuna Inna kuma. Na ɗaga hannuna. Da za a mai da ni zauren nan yau, ban ce muku zan ajiye shi ba. Amma na san abin da nake bayarwa tun hannun yana sama, babu wanda ya ruɗe ni.

Daga majalisa gidan Yaya Manu na wuce don kada ta ji a bakin wani. Na durƙusa na faɗa mata. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka, ba ta ba ni ko ɗaya ba.

"Kin ci abinci?"

"Inna, kin ji abin da na ce?"

"Na jiya. Kin yi aikinki, Kulu. Ni ma na ƙare nawa."

Daga ranar ba ta sake sauka bakin ruwa ba. Aka sare tsamiya, aka zuba siminti, aka yi bikin buɗewa ba ta je ba. Ba ta yi gaba da ni ba, ba ta yi da Asabe ba, har zanen ankon ƙungiyarsu Asabe ta kawo mata ta sa albarka. Sai dai ta koma zama a ƙofar ɗaki tana fuskantar katanga, macen da na sani duk rayuwata tana duban ruwa. In na je gaishe ta takan tambaye ni ko ruwa ya ja baya bana, ko farin ruwan damina ya zo, kamar mai tambayar labarin dangin da ke wata ƙasa.

Sabuwar kwata ta yi kyau, ku ma shaida ne, hotunan bikinku duk a can kuka ɗauka. Baƙi sun zo, ba kamar yadda Ciyaman ya yi mafarki ba, amma sun zo, daga Yelwa, daga Kontagora, har da Turawa masu jan kunne jefi-jefi. Matan banda sun huta da hayaƙi. Asabe ta aurar da 'ya'yanta da kuɗin muryarta. Ƙungiyarsu ta fara da kiran iska, daga baya suka lura baƙi sun fi son na mutuwa saboda daɗinsa, sai suka koma shi. Aka ɗebi samari masu jirage fentattu su ne masu amsawa. Masunta na gaske kuwa da farko sukan ɗaga kai su lissafa ko yau Asabar ce. Daga baya aka fara yi ranar kasuwa, da ranar da wani babba ya zo, da ranar da 'yan makaranta suka zo, har suka daina lissafi.

Inna ta rasu da safe, ranar Asabar, cikin zafin bazara, kanta a cinyata. Yaya Manu ya fita tun asuba. Aka yi ta neman wayarsa ba ta shiga. Aka tura jirgi mai inji, amma burgu ba wuri ɗaya ba ne, mutum yakan shige lungu ka wuce shi ba ka sani ba. Liman ya ce za a jira zuwa azahar, in ya matsa la'asar, zafin nan ba ya barin a wuce haka. Ina zaune cikin mata sai na ji ƙafafuna sun tashe ni. Ko takalmi ban sa ba. Na ratsa kasuwa na sauka matakalar nan har ta ƙarshe, inda ruwa ke taɓa siminti, na kare bakina da tafin hannu na yi kiran mutuwa, na lanƙwasa ƙarshensa irin na gidanmu. Ban san haka muryata take ba a waje. Na ji ta tana tafiya bisa ruwa, ba randar da za ta dawo mini da ita. Na yi, na sake, har muryata ta dushe.

Da na sauke hannu sai na ji tafi a bayana. Baƙi ne cike da dandali, sun miƙe tsaye, wayoyi a sama. Wata mata mai gilashi ta sauko ta manna mini kuɗi a goshi. Samarin jirage fentattu suka ɗauka an fara ba a gaya musu ba, suka yo tsere suna kuwwa. Asabe ce kaɗai, da ke zaune cikin ankonta tana jiran lokacinsu, ta gane ƙarshen kiran. Ta fasa kuka ta taho tana laluben matakala, muka rungume juna a nan, ana ta ɗaukar mu hoto.

An kai Inna bayan la'asar. Yaya Manu ya iso gab da magariba da kwandon kifi a kai, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Ban ga lokacin da aka faɗa masa ba. Sai bayan an yi sallah ya shigo cikin gida ya zauna a ƙofar ɗakinta, inda take zama, na kawo masa ruwa bai sha ba. Can ya juyo gare ni.

"Wa ta yi kira da hantsi?"

"Ni ce, Yaya."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na jiya hwa, Kulu. Ban yi nisa ba. Har na aje filafili na saurara, na ce wagga ta iya, awa Inna muna yara. Na ce Asabe ta samu sabuwar ɗiya cikin ƙungiya."

Ya dubi tafin hannunsa.

"Na saurara har kinka ƙare. Sannan na ci gaba da jan taru."